Daga Damagaram zuwa Agadas: Abin da Buhun Dabino Ya Koya Mana

 Wannan karon mun zo muku da labarin wata tafiya da muka yi zuwa Agadas da Ingal, mu huɗu, ɗauke da amanar jama'ar unguwarmu. Ba yawon buɗe ido ne ya kai mu ba. Kunya ce ta kai mu, ga kuma yadda abin ya faru.

Shekara guda kafin tafiyar, magidanta 40 na unguwarmu a Damagaram suka haɗa kuɗi domin a sayi dabinon azumi da buhu tun bai yi tsada ba. Kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, aka kuma yi shawarar ware kason marayu da matan da mazansu suka rasu, da na masu buɗa-baki a masallaci. Mu aka ɗora wa saye da ajiya. Muka sami buhu goma da araha, muka jibge su a ɗakin ajiya na bayan masallaci, a kan siminti, kusa da wani rabin buhu da ya rage tun azumin baya, wanda damina ta wuce a kansa. A kusurwar ɗakin akwai jarkar kalanzir. Muka ja ƙofa muka sa kwaɗo, hankalinmu kwance.

Saura mako biyu a ga wata muka buɗe. Abin da ya fara tarbarmu wasu ƴan ƙananan ƙwari ne masu fiffike, masu ruwan toka, suna tashi daga bakin buhunan. Muka tsaga ƙwaya ɗaya, sai ga tsutsa kwance gefen ƙwallo, ga yana kamar saƙar gizo-gizo, ga wani baƙin gari. Buhu huɗu sun tafi baki ɗaya. Biyu na ƙasa sun jiƙe sun yi tsami, wanda ke kusurwa kuwa ko akuya ta ƙi shi saboda warin kalanzir. Ba wanda ya zage mu. Wata tsohuwa da ta zo karɓar kasonta ta dube mu kawai ta ce, "Ƴaƴana, Allah Ya mayar da alheri." Maganar nan ta fi zagi zafi. Shi ya sa da shekara ta zagayo muka ce ba za mu sake saye ba sai mun je wajen masu abin, mun tambaye su yadda suke yi.

HANYA

Mun bar tashar Damagaram bayan sallar asuba, cikin tsakiyar ɗari, kowa ya ƙudundune da bargo. Tsakanin Damagaram da Agadas akwai kilomita kusan 450. Har zuwa Tanut ƙasar noma ce, Damargu mai gero, rumbuna jere a bayan ƙauyuka, karan gona tsaye ya bushe. Daga nan gonaki suka fara ja da baya, ƙaya da ciyawa suka karɓe fili, sai garken raƙuma da shanun Fulani a bakin rijiyoyi. Bayan Adarbisanat kuwa ƙasa ta buɗe, ido ya rasa abin da zai tsaya a kai. Leɓɓanmu suka tsage, hancinmu ya bushe, gurasar da muka yi guzuri ta zama kamar katako kafin azahar. Ɗayanmu ya ɗaga ta yana dariya ya ce, "Ƙasar da ta yi wa gurasa haka, ina ruwan dabinonta da ruɓewa?" A lokacin wasa muka ɗauki maganar. Ashe rabin darasin da muka je nema ke nan.

Da yamma hasumiyar babban masallacin Agadas ta bayyana, doguwa, ta jar ƙasa, da itatuwa a jikinta kamar ƙaya. Tsawonta mita 27 ne. An gina masallacin a 1515, aka sake gina shi a 1844, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Shekaru ɗaruruwa wannan hasumiya ce ayari yake hangowa ya san ya iso, kuma cikin kayan da ayarin yake ɗauke da su ba a rasa gishiri da dabino.

A KASUWAR AGADAS

Washegari mai masaukinmu ya kai mu layin masu dabino. Wanda bai taɓa zuwa ba yana zaton dabino iri ɗaya ne, sai dai wani ya fi wani girma. Can muka ga na Kawar, wato na Bilma da Dirku da Jado, ƙanana busassu masu ƙara idan an zuba su a tiya. Muka ga na kwazazzaban Abzin. Muka ga busasshen dabinon Tuwat na kudancin Aljeriya, wanda ya daɗe yana shigowa ta Tamanrasset da Asamaka da Arlit. Ga kuma Deglet Nour na yankin Biskra, wanda bakin ƴan kasuwa ya mayar digila, a cikin kwali, jere a jikin reshensa, mai sheƙi kamar an shafa masa zuma.

Aka haɗa mu da wani dattijo, rawani ya rufe masa baki, yana zaune a kan tabarma tsakanin buhuna. Bayan doguwar gaisuwa da kofin shayi na farko, muka kwance masa labarinmu duka, ba mu ɓoye kome ba. Ya saurara har muka gama, sannan ya ce, "Malamai, kafin ku saya, buhu nawa kuka zazzage?"

Muka ce, "Baba, bakin buhun muka duba, ya yi kyau."

Ya yi murmushi. Ya miƙa hannu can cikin wani buhu har gwiwar hannu, ya damƙo cikin tafi, ya zube a faifai. Ya ce bakin buhu na mai sayarwa ne, tsakiya da gindi su ne na mai saye. Ya ɗauki ƙwaya goma ya tsaga su ɗaya bayan ɗaya da farce, yana nuna mana cikinsu. Ya ce idan cikin goma an sami ɗaya mai gari ko yana, a sake tsaga wasu goma. Idan an sake samu, a bar buhun nan ko da kyauta ne, domin araha ba ta ado. Ya nuna mana wata ƴar hula da take rufe kan dabino, inda ya rabu da reshe. Ya ce wanda hularsa ta faɗi ƙofarsa a buɗe take, ta nan ƙwaro yake shiga. Sannan ya faɗi abin da ya fi ba mu mamaki: sau da yawa tsutsar ba a ɗakinka take shiga ba, tun daga gona ko wurin shanya uwar ta sa ƙwai. Kana sayen buhu kana ganinsa lafiya, ashe da baƙi a ciki, zafin ɗaki kawai suke jira su ƙyanƙyashe. Su girma, su yi fiffike, su sa nasu ƙwan a buhun da ke kusa. Nan muka gane aikin da rabin buhun nan na bara ya yi mana. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Daga nan ya raba mana dabino gida uku. Akwai busasshe, wanda ake karyawa da haƙori. Shi ne na tafiya da na ajiya, yana iya shekara idan ya sami wuri mai kyau. Akwai matsakaici irin digila, mai ɗan taushi. Shi yana son sanyi, a ɗaki mai zafi ƴan makonni ne ya fara canja kama. Akwai mai laushi, wanda yake narkewa a baki. Shi kam ba na ajiya ba ne, sai ga mai firji. Masana aikin gona ma haka suke raba shi, da yawan ruwan da ke jikinsa: busasshe bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, mai laushi ya haura kashi 30, matsakaici yana tsakani. Dattijon ya ce kuskuren mutanen kudu shi ne su haɗa su wuri ɗaya. Mai laushi ya ba busasshe laima, su lalace tare.

"Dabino ɗan hamada ne," in ji shi. "Kun ɗauke shi daga gidan ubansa kun kai shi ƙasar ruwa. In kuna so ya zauna, sai ku yi masa hamada a cikin ɗakinku."

LABARIN AYARI

Muna cikin kofi na uku sai wani ƙanensa ya zo, mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana bin ayarin Bilma. Shi ya ba mu labarin hanyar. Bayan damina, wajen watan Oktoba, Abzinawa suke ɗaure raƙuma da gero da ciyawar da dabbobin za su ci, su ratsa Tenere zuwa Fashi, daga nan zuwa Bilma, tafiyar makonni, mafi yawanta a ƙasa. A da akwai wata bishiya tilo a tsakiyar hanya da ake kwatance da ita, har wata babbar mota ta kayar da ita a 1973. Gangarta tana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. A Kawar gero ba ya yi, gishiri da dabino su ne arziki, saboda haka musaya ake yi: gero ya sauka, kantun gishiri da dabino su hau. Bayan an huta a Abzin, ayarin ya gangaro kudu zuwa Damargu da ƙasar Hausa. Manyan motoci sun karɓe yawancin wannan fatauci, amma hanyar ce ta fara kawo dabino kasuwannin kakanninmu.

Ya ce a Fashi akwai tsohuwar ganuwa, a cikinta an jera manyan randunan ƙasa, wasu sun fi mutum tsayi, inda iyalai suke adana gero da dabino saboda mahara da shekarar yunwa. A cika randa, a rufe baki, a liƙe da laka. Ba iska, ba haske, ba laima. Ya ƙara da cewa a kudancin Aljeriya mai laushin ma suna da dabararsa: a danna shi da ƙarfi cikin salka ko buhun ƙyalle har ya zama dunƙule guda, babu wurin da iska za ta tsaya, sai a riƙa yanka da wuƙa. Muka dubi juna. Mutanen da ba su taɓa ganin firji ba sun san abin da mu masu wutar lantarki muka jahilta.

INGAL

Kafin mu ɗaure kaya muka ce sai mun ga uwar da take haifar abin. Ingal tana yamma da Agadas. Garin ya shahara da taron makiyaya na ƙarshen damina, lokacin da Buzaye da Fulani suke kawo dabbobi lasar gishiri, amma mu mun same shi shiru, sai iska da ƙura. Lambunan dabino suna bin gefen ƙoramar garin, kore shar a tsakiyar fili fari. Mutanen Ingal suna alfahari da wani iri da suke kira Almadina, suna cewa sharifai ne suka zo da shi daga Madina tun zamanin da. Ba mu same shi ba, lokacinsa ya wuce, kuma mai lambun da ya zagaya da mu ya ce irin wannan ba ya jiran kowa: ana cinsa ne a lokacinsa.

Shi ya nuna mana cewa dabino akwai namiji akwai mace, kuma macen ba ta ba da ƴaƴan kirki sai an hau an sa mata furen namiji da hannu, itace bayan itace, cikin ƙaya mai tsawon yatsa. Namiji ɗaya yana isar mata da yawa. Wanda yake son iri na gari ba ya shuka ƙwallo, domin ƙwallo ba ya bin uwa. Ɗan da ya tsiro a gindinta ake cirewa a dasa, a yi shekaru ana ban ruwa kafin a ɗanɗana. Daga fure zuwa nuna wata shida ne ko fiye. Muka tsaya muna kallon tabon ƙaya a hannuwansa, muna tuna buhu bakwai da muka zubar. Ba kuɗin jama'a kaɗai muka ɓata ba, har da wahalar irin wannan bawan Allah.

ABIN DA MUKA YI DA MUKA DAWO

Mun sayi buhu tara na busasshe, da kwali kaɗan na digila domin tsofaffi marasa haƙora. Ga yadda muka yi da su, ko wani zai amfana.

Da farko ba mu bar buhu ko ɗaya a ɗaure ba. Iyayenmu mata suka shimfiɗa tabarmi, aka zazzage duka aka tsince. Fasasshe, da mai rami, da wanda ya yi laushi, aka ware su gefe domin a fara amfani da su. Ba a wanke ko ɗaya ba: dabino ana wanke shi ne lokacin ci, ba lokacin ajiya ba. Aka shanya sauran a rana tun daga hantsi har la'asar, shimfiɗa marar kauri, aka kwashe kafin raɓar dare.

Na biyu, kashe ƙwan da ido ba ya gani. Gidaje uku a unguwar suna da firji mai daskarewa. Aka riƙa ƙulla dabinon a leda kilo biyu-biyu, a sa a wurin ƙanƙara. Sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifili yana kashe tsutsa da ƙwai cikin ƴan kwanaki, amma saboda ɗaukewar wuta mu mako guda muke ba kowace leda. Idan an fitar, ba a kwancewa sai ta huce, don kada raɓa ta kwanta a jikin dabinon. Zafi ma yana yin wannan aiki idan ya haura digiri 50 ya daɗe, shi ya sa a bazara wasu suke shanya shi a kan kwano su rufe da leda.

Na uku, mazubi. Buhun da aka sayo shi a ciki ba ya hana ƙwaro ko kusu. Muka yi amfani da bokitai masu murfi da jarkoki masu faɗin baki waɗanda abinci kawai suka taɓa ɗauka, aka cika su fal, aka toshe. Sauran muka zuba a buhun PICS mai ciki uku, wanda manoman wake suka sani tun da aka fara yaɗa shi a ƙasarmu a 2007. Ƙwaron da ke ciki yana shanye iskar da ta rage ya mutu. Wannan na busasshe ne kawai. Mai laushi idan aka toshe shi cikin zafi tsami zai yi.

Na huɗu, wuri. Aka share ɗakin, aka fitar da kalanzir da sabulu da albasa, domin dabino yana shan warin maƙwabcinsa. Aka ɗora kome a kan katako, nesa da bango, inda rana ba ta kaiwa. Duk ranar Jumma'a mutum biyu suke buɗe mazubi ɗaya su tsaga ƙwaya goma, kamar yadda Baba ya koya mana.

Muna roƙon ƴan'uwa da babbar murya: kada a fesa wa dabino maganin sauro ko na ƙwari, kada kuma a sa masa ƙwayar nan ta maganin hatsi a cikin gidan da ake kwana. Iskar da take fitarwa guba ce mai kisa, kuma dabino abinci ne da yara suke ci ɗanye. Haka nan a san bambancin fari biyu. Akwai farin da yake fitowa ƙarƙashin fata kamar yashi, mai ƙaras-ƙaras; wannan sukarin dabinon ne ya daskare, ba ya cutarwa. Akwai kuma fumfuna mai gashi-gashi, fara ko baƙa ko koriya, da warin ruɓa ko tsami. Wannan a zubar, kada a ce za a wanke.

A kuma lura da lokaci. Azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2015 ya kama cikin watan Yuni, a bakin damina. A 2025 ya kama a farkon Maris, bayan iskar hunturu ta yi wata da watanni tana taimakon mai ajiya. Amma duk abin da ya rage bayan salla zai haɗu da zafin bazara da laimar damina. Wannan ragowar ita ce ta cuce mu. Saboda haka muka yanke cewa dabinon shekara ba zai ga watan Yuni a ɗakinmu ba.

KADA KO ƘWAYA TA TAFI A BANZA

Buɗa-baki da dabino sunna ce da kowane gida ya sani, amma amfaninsa bai tsaya nan ba. Fasassun da aka ware su aka fara jiƙawa a niƙa da aya da kwakwa a yi kunun aya, ba a nemi sukari ba. Wanda ya yi tauri ƙwarai, a jiƙa shi a ruwan ɗumi ko madara tun da la'asar, kafin magariba ya yi taushin da tsoho zai iya. Matar mai masaukinmu a Agadas ta koya mana furar Abzinawa: a daka gero da busasshen dabino da cuku, a dama da ruwa. Ita ce abincin ƴan ayari, kuma mun gwada ta a sahur, tana riƙe ciki har yamma. Wasu iyayenmu sun cire ƙwallo suka kirɓa naman da soyayyen riɗi ko gyaɗa, suka mulmula wa yara guzurin makaranta. Wata ta dafa shi da ruwa, ta tace da ƙyalle, ta ci gaba da dafa ruwan har ya yi kauri kamar zuma, ana zuba wa a koko da masa. Ƙwallon ma ba a zubar ba: a jiƙa shi kwanaki, a daka, a haɗa wa awaki da dusa. Abin da ya saura bayan salla ya tafi wajen suna da ɗaurin aure, tare da goro da alewa.

Gargaɗi biyu kawai. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyin busasshen dabino sukari ne, don haka mai ciwon sukari ya nemi shawarar likita a kan adadin da zai ci. Ƙaramin yaro kuma a cire masa ƙwallo kafin a ba shi.

Amma dabarar da ta fi duka ita ce wadda ba ta bukatar bokiti ko firji. Mun raba kason kowane gida da wuri, tun saura wata guda, maimakon tara kome a ɗaki ɗaya ƙarƙashin kwaɗo ɗaya. Tiya biyar a hannun uwargida ta fi buhu tara a hannun kwamiti samun kulawa. Tsohuwar nan ita muka fara kai wa. Ta tsaga ɗaya ta duba, ta tsaga na biyu, sannan ta ce, "To, bana kun yi karatu." Daga buhu taran nan abin da muka zubar bai cika tiya biyu ba.

Wanda duk yake da niyyar sayen dabino da yawa bana, ya zura hannu har gindin buhu, ya tsaga goma, ya raba busasshe da mai laushi, ya nisanta sabo da tsoho, kuma kada ya ajiye fiye da abin da zai iya dubawa. Allah Ya saka wa dattijon Agadas da mai lambun Ingal da alheri, Ya sa albarka a abincinmu, Ya nuna mana watan Ramadan lafiya.